Bashin karatu na NELFUND: in bar ƙanwata ta cike, ko in hana?

Telan Bakin Kasuwa:
Assalamu alaikum. Shawara na zo nema a zauren nan, don Allah wanda ya ga abin da idonsa ya yi magana. Mahaifinmu ya rasu shekara uku ke nan, ni ne babba a ɗakinmu, sana'ata ɗinki. Bara ƙanwata ta samu gurbi a wata jami'ar gwamnatin tarayya, tana karanta kemistiri. Kuɗin rajistarta naira 140,000, ban da wurin kwana. Yadda muka haɗa shi Allah kaɗai ya sani. Inna ta roƙi uwar adashi ta ba ta kwasa tun layinta bai zo ba, muka sayar da tunkiyar da take kiwo da ɗanta a gindi, ni kuma na cika da kuɗin ɗinkin ƙaramar Sallah. Har yau ina ganin Inna zaune a kan tabarma ta kwance bakin zani, tana lasar yatsa tana ƙirga 'yan ɗari biyar-biyar. Sau uku ta ƙirga don kada ya gaza.

To ga rajistar aji biyu ta taho. Tunkiya babu, adashi kuma zubi kawai ake yi. Yarinyar ta ce in bari ta cike bashin karatu na NELFUND, wato asusun gwamnatin tarayya mai ba ɗalibai rance, ƙawayenta duk sun cike. Inna ta ce ba da yawunta za a rataya wa 'ya mace bashin gwamnati ba. Ni na rasa tudun dafawa. Akwai kuɗin ruwa a ciki? In ba a biya ba wa za a kama, ita ko ni? Kuma me ake kai musu?

Ɗalibar Aji Uku:
Wa alaikumus salam Yaya. Allah ya ji ƙan Baba. Ni na karɓa sau biyu, don haka abin da na taɓa da hannuna zan faɗa maka. Babu kuɗin ruwa, abin da aka biya maka shi za ka mayar. Kashi biyu ne. Akwai kuɗin makaranta, wannan ɗalibi ba ya ko ganinsa, kai tsaye ake tura shi asusun jami'a. Sai alawus na naira 20,000 a wata da ke shiga asusun ɗalibin kansa. Shi ma bashi ne, a nan mutane da yawa suke ruɗewa, suna ɗauka kyauta ce aka ɗora a kai. Kuma ba dole ba ne, tana iya neman kuɗin makaranta kaɗai ta bar alawus ɗin.

Abin da za ta tanada: lambar JAMB, takardar shaidar samun gurbi, lambar NIN, lambar BVN, lambar matirik, da asusun banki mai sunanta. Ba a biyan ko sisi wajen cikewa. Kuma ba sau ɗaya ake yi a huta ba, kowace shekarar karatu sai an sake nema.

Direban Tifa:
Malam Tela, ka bi maganar mahaifiyarka. Yaushe gwamnati ta fara tausayin talaka? Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai, kafin shekarar ta ƙare jami'o'i sun ninka kuɗin rajista, sannan aka dawo ana ce mana ga bashi. Wanda ya ƙwace maka riga ne ya dawo yana ara maka ita. Kuma na ji sai ka kawo babban ma'aikaci ya tsaya maka. Ina tela zai samo darakta?

Tsohon Akawu:
Direba, rabin maganarka gaskiya ce, rabin kuma ta tsufa. Dokar farko da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu ranar 12 ga Yunin 2023 ita ce mai waɗannan sharuɗɗa. Sai kuɗin shigar gidanku bai kai naira 500,000 a shekara ba, sai ka kawo mutum biyu su tsaya maka, irin ma'aikacin gwamnati mai mataki na 12 zuwa sama ko lauyan da ya shekara goma yana aiki. Har ɗan wanda ya taɓa cin bashi ya kasa biya an hana. Da aka ga ba mai iya tsallake wannan katanga, aka soke ta aka yi sabuwa, aka sa hannu ranar 3 ga Afrilun 2024, aka buɗe shafin nema ranar 24 ga Mayu. A sabuwar babu mai tsayawa, babu maganar kuɗin shigar iyaye. Saboda haka, ɗana Tela, ba kai za a kama ba. Sunan yarinyar ne a kai, ita kaɗai.

Maganar ƙarin kuɗin makaranta kuwa ban musa maka ba. Ni ma ta ci mini rai. Amma rajistar yarinyar nan ba za ta jira mu gama fushi da gwamnati ba.

Direban Tifa:
Baba na ji gyara, na gode. Amma in haka ne ai kowa ya karɓa kawai. Kuɗinmu ne, harajinmu ne. Wa zai bi yaro ƙauye ya ce ya biya?

Tsohon Akawu:
A'a ɗana, a nan kam ba na tare da kai ko kaɗan. Da wannan tunanin aka kashe na farko. A 1972, zamanin Janar Gowon, an kafa hukumar ba ɗalibai rance. Mutane suka karɓa, suka gama karatu, suka kama manyan ayyuka, da yawa ba su waiwaya ba. Aka sake yunƙurin bankin ilimi a 1993, shi ma bai je ko'ina ba. 'Ya'yanmu suka taso babu abin da za su jingina da shi, saboda waɗanda suka sha ruwan rijiyar sun cike ta da ƙasa. In na yau suka ƙi biya, ƙannensu ne za su zo su tarar da ƙofa a rufe. Sannan yanzu ba zamanin fayil a kan kanta ba ne da gara za ta cinye. An ɗaure bashin da BVN da NIN, kuma cikin abin da ɗalibi ke amincewa da shi lokacin cikewa akwai izinin a ciri kuɗi daga asusunsa na banki in ya ƙi biya da gangan. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Telan Bakin Kasuwa:
Baba Akawu Allah ya ƙara girma, ka sauke mini dutse ɗaya. Saura na Inna. Ita ba kamun gwamnati take tsoro ba, kabari take tsoro. Da Baba ya rasu, kafin a ɗauki gawarsa sai da ta sa aka yi shela a ƙofar gida, mai bin sa bashi ya fito. Mai hatsi ya ce mudu shida na gero, a ranar ta biya.

Malamin Islamiyya:
Allah ya saka wa Inna da alheri, tsoronta yana kan hanya. Ya tabbata an kawo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, gawar wani mutum da ake bi bashi, bai sallace shi ba sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Bashi ba abin wasa ba ne. Amma a faɗa mata ɗaya gefen ma. Shi kansa Manzon Allah ya bar duniya sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude saboda sha'ir da ya karɓa don iyalinsa. Kuma ya ce wanda ya karɓi dukiyar mutane da niyyar biya Allah zai biya masa, wanda ya karɓa da niyyar cinyewa Allah zai halaka shi. Ashe ba cin bashin ne laifi ba, niyyar da aka ci shi da ita ce abin dubawa.

Abin da aka haramta shi ne riba, a ba ka goma a ce ka dawo da goma sha ɗaya. In abin da aka ba ka shi za ka mayar, rance ne mai kyau. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka. Nasihata ita ce yarinyar ta karanta sharuɗɗan da kanta, layi-layi, kafin ta danna amincewa, ta karanta wa Inna da Hausa. Kuma a rubuta adadin a takarda a ajiye a gida.

Tsohon Akawu:
In ƙara a kan na Malam, dokar 2024 ta tanadi yafe bashin in wanda ya ci ya rasu, ko wata ƙaddara ta same shi da ba zai iya biya ba. A gaya wa Inna wannan, zai kwantar mata da hankali.

Baban Walid:
Duk an kauce wa ainihin maganar. Mace ce fa. Gobe ta yi aure miji ya ce ba ta aiki, wa zai biya? Ku ɗora wa bawan Allah nauyin da bai san lokacin da aka ɗauka ba? Da namiji ne da sauƙi.

Maman 'Yan Biyu:
Baban Walid, ka yi haƙuri, amma maganar nan ta sosa mini inda ke mini ƙaiƙayi. Ni aji biyu na bar kwalejin ilimi saboda kuɗin rajista. An ce a bar wa ƙanena tunda shi namiji ne. Ban riƙe kowa a zuciya ba, amma yau shekara goma sha huɗu, duk ranar da na kai 'ya'yana makaranta na ga malama tsaye gaban allo sai na ji wani abu ya tokare mini ƙirji. Da akwai irin wannan bashin a lokacin da na karɓa da hannu biyu.

Ba a fara neman biya sai an shekara biyu da gama bautar ƙasa. Mai albashi ana cire kashi 10 cikin 100 ta hannun inda yake aiki, mai sana'ar kansa shi ma kashi 10 na ribarsa. Wanda bai samu aiki ba, kuma ba ya da abin shiga, yana iya kai takardar rantsuwa ya nemi a ɗaga masa. Ba a ce miji ya biya ba. Kuma ranar da manemi ya fito, a gaya masa gaskiya tun a zaure, kamar yadda ake gaya masa tana karatu. Wanda zai fasa saboda wannan, gara a san shi tun kafin a kai lefe.

Baban Walid:
Hajiya ban ce kada ta yi karatu ba. Tsoron rigimar gaba nake yi. Amma maganar a sanar da manemi na yarda da ita.

Malamin Lissafi:
Bari in sa alƙalami, don na ga ana ta magana ba a taɓa lamba ba. Saura mata shekara uku. In rajista ta tsaya a 140,000, jimla 420,000 ke nan. Alawus kuwa, in aka biya 20,000 wata goma sha biyu cif, 240,000 ne a shekara, 720,000 a shekara uku. Kun gani? Ɗan kuɗin da ake rainawa ya fi kuɗin makarantar nauyi nesa ba kusa ba. Duka biyun 1,140,000.

A ce ta samu aiki mai albashin 100,000, ana cire 10,000 a wata. Kuɗin makaranta kaɗai zai ƙare a wata 42, shekara uku da rabi. In ta haɗa da alawus wata 114 ne, shekara tara da rabi. In kuma mafi ƙarancin albashi ta samu, 70,000, ana cire 7,000, lissafin ya ƙara tsawo. Gaskiya ne darajar naira tana zubewa, dubu goman shekara takwas masu zuwa ba za ta kai ta yau ba, wannan yana taimakon mai biya. Duk da haka, Malam Tela, in kana iya ba ta kuɗin abinci da na mota daga ɗinki, ka bar alawus ɗin. In ba ka iyawa, kada ka bar ta da yunwa don gudun lamba. Na koyar da yaran da ke shiga aji ba su karya ba, na san yadda idonsu yake.

Ɗalibar Aji Uku:
Malam gaskiya ka faɗa. Kuma Yaya kada a gina tukunya a kan alawus ɗin, don ba ranar ɗaya ga wata yake shigowa kamar albashi ba. Ni akwai lokacin da na yi sati bakwai ina duba waya ba alat, garin kwaki da sukari suka riƙe ni. Ya zo daga baya, amma wanda ya ci bashin mai shago da sunansa ya sha kunya.

Abin da ya fi ba mutane wuya ba shi ne cikewar ba, a'a, bayanai ne su ƙi haɗuwa. Sai makaranta ta tura sunan ɗalibi ga NELFUND kafin shafin ya gane shi. In ta sa lambarta aka ce ba a same ta ba, kada ta zauna jira, ta tafi sashen kwamfuta ko ofishin kula da harkokin ɗalibai na makarantarsu ta ce a saka ta. Sannan suna da ranar haihuwa su zama iri ɗaya a NIN da BVN da JAMB. Mu nan matsalarmu ke nan: Muhammad a wannan takarda, Mohammed a waccan, sunan gari a wata, sunan kaka a wata. Ku duba tun yau. Gyaran ranar haihuwa a NIN ya fi gyaran suna tsada da cin lokaci.

Uwar Marayu:
Ni gargaɗi ɗaya zan yi, don ni ta faru da ni. Ɗana na biyu ya kai wa wani mai kafe, wato shagon intanet, ya cike masa. Mutumin ya karɓi 5,000, ya buɗe masa imel da kansa, ya rubuta kalmar sirrin a wani littafi mai bangon shuɗi da ke kan teburinsa, shafi guda cike da sunayen yara da lambobin BVN ɗinsu. Wata biyu bayan nan ya tashi daga shagon. Yaro ya zo zai duba inda takardarsa ta kwana, ba imel, ba kalmar sirri, lambar wayar da aka sa ma ba tasa ba ce. Mun yi zarya har na gaji kafin a warware. Ta yi da wayarta, da imel ɗinta, da layin da ke kan BVN ɗinta.

Mai Kafen Unguwa:
Hajiya Allah ya ba ki haƙuri, abin da ya yi bai kyautu ba. Amma ba duka muka taru muka zama ɗaya ba. Yara da yawa wayarsu ba ta iya ɗora takarda, dole su zo wurinmu. Ni ka'idata, yaro ya zauna a kujera ya rubuta kalmar sirrinsa da hannunsa, ni ina juya baya, kuɗin intanet da na sikanin kawai nake karɓa. Duk wanda ya ce a ba shi wani abu zai sa a amince da wuri, ko ya turo wani adireshi ta WhatsApp ya ce a sa lambar katin ATM, ɓarawo ne. NELFUND ba ta da dillali.

Ɗan Fagge:
Kada bashi ya mantar da ku tallafin da ba a biya. Mu a Kano a 2023 gwamnatin jiha ta ware naira miliyan 700 ta biya wa 'yan asalin jihar 7,000 da ke Jami'ar Bayero kuɗin rajista. Jihohi suna da hukumar ba da tallafin karatu, ya je ta jiharsu ya tambaya, ya riƙe takardar shaidar ƙaramar hukuma a hannu tun kafin a buɗe. Tunda kimiyya take yi, in sakamakonta ya kai maki 3.5 cikin 5 tana iya neman na Gidauniyar MTN in ta shiga aji uku. Akwai na Hukumar Sikolashif ta Tarayya, akwai na PTDF ga fannonin da suka shafi man fetur. Yawanci jarrabawa ake yi, kuma sakamako ake kallo. Abin da ke ba ni takaici, sanarwa tana fita ta rufe yaranmu ba su ji ba. Ta riƙa leƙa allon sanarwa na sashensu.

Telan Bakin Kasuwa:
Sakamakonta na zangon farko 3.8 ne. Ban san yana da wani amfani bayan a ce ta ci ba.

Ɗan Fagge:
Kai Malam, ai wannan jari ne! Ka ce mata ta riƙe shi da haƙori.

Telan Bakin Kasuwa:
Jama'a na dawo, kwana tara ke nan. Na karanta wa Inna duk abin da kuka rubuta, bayan sallar isha'i, tana jan carbi tana saurare. Da na zo kan na Maman 'Yan Biyu sai ta ajiye carbin ta yi shiru, can ta ce ita ma aji huɗu na firamare aka cire ta. Ta amince, da sharaɗi biyu. Kuɗin makaranta kaɗai za a nema, ni zan riƙa tura wa yarinyar abin da ya sawwaƙa duk Juma'a. Na biyu, a rubuta adadin a littafin da Baba yake rubuta basussukansa, wanda take ajiye a ƙasan adaka. Na rubuta da hannuna, yarinyar ta sa hannu a ƙasa.

Kuma abin da Ɗalibar Aji Uku ta faɗa shi muka tarar. A BVN sunan Baba da "o" aka rubuta shi, a NIN da "u". Mun je banki da katin ɗan ƙasa, mun cike fom, an gyara. Jiya ta cike da wayarta ina zaune kusa da ita a shago, na ma tsayar da keke har ta gama. Yanzu shafin yana nuna ana dubawa. Damuwata ɗaya: makarantarsu ta ce za ta rufe rajista nan da sati biyar. In kuɗin bai iso ba fa?

Ma'aikacin Jami'a:
Madalla, Allah ya sa albarka. A ofishin kuɗi na wata makaranta nake aiki, wannan tambayar kullum sai an yi mana ita. Ta buga shafin da ke nuna ta nema, in an amince ta sake buga wannan ma, ta kai ofishin harkokin ɗalibai tun yanzu, kada ta jira satin ƙarshe da layi ke kaiwa bakin titi. Ta tambaya ko suna ɗaga wa masu jiran NELFUND ƙafa, kuma ta nemi amsar a rubuce ko a sanarwar makaranta, ba ta bakin wani a baranda ba.

In ya zama dole ku biya da kanku don kada ta rasa shekara, ku adana takardar biyan kuɗi ta Remita da rasit, ku yi musu hoto. In NELFUND ta turo daga baya, haƙƙinku ne makaranta ta mayar muku da naku, don an riga an rubuta bashin a kanta. A 2025 an yi ta ƙorafi cewa wasu makarantu sun karɓi kuɗi ba su sanar da ɗalibai ba, har hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ta shiga bincike. Saboda haka ta riƙa duba shafinta da kanta. Ranar da ta ga an nuna an biya, washegari ta je ofishin kuɗi da takardunta. Abin da ba na so ka yi shi ne ka ci bashin manhajar waya mai ruwa don cike wannan giɓin.

Telan Bakin Kasuwa:
Na gode ranka ya daɗe. Ba zan taɓa na manhaja ba. Akwai ɗinkin anko na wani biki da na karɓa, zan ware kuɗin in ajiye gefe har mu ga yadda sati biyar ɗin za su kaya. Gobe Litinin za ta buga takardar ta kai.

Maman 'Yan Biyu:
Ta buga kwafi biyu, su sa mata hatimi a ɗaya ta dawo da shi gida. Ka gaishe mini da Inna.